Hoton kakana ne, a ɗakinmu yake rataye: zan iya sa shi a Wikipedia?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubutu a Wikipedia ta Hausa. Tambaya gare ni a kan hotuna, kuma don Allah a yi mini bayani da Hausa yadda zan gane, kada a turo mini shafin dokoki na Turanci a ce in je in karanta.

Maƙala nake rubutawa a kan damben gargajiya a Kano, tun daga lokacin da mahauta ke yawo gari-gari bayan kaka, har zuwa yau da ake shiga gidan dambe da tikiti ana ɗauka ana sawa a YouTube. Rubutu ya yi nisa, hotuna suka rage. Guda uku ne a hannuna, amma wani abokina da ya riga ni shiga harkar ya ce in na ɗora su a Commons, wato ma'ajiyar da Wikipedia ke ɗaukar hotuna daga ciki, ba za su yi mako ba za a goge. Shi ya sa na dakata.

Na farko hoton kakana ne na wajen uwa, Allah ya ji ƙansa. Ɗan dambe ne a ƙuruciyarsa. Hoton baƙi da fari ne, yana tsaye da warki, hannun dama a naɗe, kambu a damtse, bayansa labule mai zanen bene irin na situdiyo. Kakata ta ce a Sabon Gari aka ɗauka, kafin a kashe Sardauna. Yana cikin firem ɗin gilashi a ɗakinta tun kafin a haifi mahaifiyata. Shi ya biya kuɗin hoton, mu muka gada. In na ɗauke shi da wayata na ɗora, ba aikina ba ne?

Na biyu, yankakken shafin tsohuwar jarida ne da na tsinta a cikin akwatinsa, akwai Sardauna yana kallon wasa a wani taro. A gefen takardar ana iya karanta 1963. Wannan ai ya haura shekara sittin.

Na uku na wani ɗan damben Kudu ne da ake yayi yanzu. Daga shafinsa na Facebook na ɗauko. Na tambaye shi ta WhatsApp, ya turo mini saƙon murya ya ce, "Ka sa mana, ai talla ka yi mini." Saƙon yana nan ban goge ba.

Sai tambaya ta ƙarshe, wadda ita ta fi ɗaure mini kai. A Wikipedia ta Turanci ina ganin fastocin finafinai, da bangon littattafai, da tambarin kamfanoni, babu wanda ya goge. Na fassara wata maƙala daga can, rubutu ya zo amma hoton ya ƙi biyowa. Su an yarje musu ne mu an hana mu, ko yaya abin yake?

'Yar Tudun Wada ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Fagge. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka ɗora, ba halin Kanawa ba ne, ku da kun saba sai kun sayar sannan ku tambayi farashi. Mu Zagezagi za mu yi haƙuri mu koya maka.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, mallakar takardar hoto daban, mallakar haƙƙin hoton daban. Takardar da ke ɗakin kakarka taku ce, babu mai ƙwace muku. Amma ikon a kwafa, a buga, a raba wa duniya, wannan na wanda ya danna kyamara ne, ba na wanda ya tsaya a gabanta ba. Kamar ka sayi kaset ɗin waƙa ne a kasuwa: kaset naka ne, waƙa ba taka ba. Don haka in ka ɗauki hoton hoto da wayarka ka rubuta "aikin kaina", ba gaskiya ka rubuta ba, ko da ba ka yi niyyar ƙarya ba. Aikin mai situdiyon nan ne na Sabon Gari, kai kwafa ka yi.

Commons kuwa, tun da aka buɗe ta a 2004, sharaɗinta ɗaya ne: duk abin da ke ciki kowa na iya ɗauka, ya sake bugawa, ya gyara, har ya sayar, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Hanya biyu ce hoto ke cika wannan sharaɗi. Ko dai wa'adin haƙƙinsa ya ƙare ya zama mallakar jama'a, ko kuma mai haƙƙin ya sake shi da lasisi, wato rubutaccen izini ga kowa, irin su CC BY (a ambaci sunan mai aikin), CC BY-SA (a ambaci sunansa, kuma abin da aka gina a kai a sake shi da irin wannan lasisi) ko CC0 (ba sharaɗi). Lasisin da ke da NC a jikinsa, wato ban da kasuwanci, ko ND, wato ban da gyara, ba a karɓa. "Na yarda a sa a Wikipedia kawai" ma ba a karɓa.

To ka ga matsalar hotonka na uku ta zama biyu. Ɗan damben nan shi aka ɗauka, ba shi ya ɗauka ba, sai fa in da hannunsa ya miƙa waya ya ɗauki kansa. Izinin da ya ba ka izinin abin da ba nasa ba ne. Sannan ko da nasa ne, "ka sa mana" ba lasisi ba ce. Ka tambaye shi wa ya ɗauka. Galibi wani yaro ne mai kyamara da ke bin gidajen dambe. Wannan yaron ne zai buɗe asusu ya ɗora asalin hoton da kansa, wanda shi ya fi sauƙi, ko kuma ya aika imel ga masu sa kai da ke tantance izini, waɗanda ake kira VRT, a da OTRS. A cikin imel ɗin zai faɗi cewa shi ne mai haƙƙin, ya ambaci sunan fayil ɗin, ya ambaci lasisin da ya zaɓa. Shi zai aika daga adireshinsa, ba kai za ka tura a madadinsa ba. Hoton da aka yi wa alamar babu izini kwana bakwai ake ba shi.

Kuma kada ka ɗauka ba za a gane daga ina hoto ya fito ba. Wanda ya bi ta WhatsApp yakan zo da suna irin IMG da kwanan wata da WA, an matse shi ya ƙanƙance, bayanan kyamarar da ke binne a cikinsa duk sun tafi. Wanda ya bi ta Facebook kuma akwai wata alama da ke farawa da FBMD da ake gani a bayanan fayil ɗin. Masu sintiri su suke fara dubawa, sannan su jefa hoton a manhajojin gano asalin hoto irin su TinEye ko Google Lens. In an kama mutum sau da yawa rufe masa asusu ake yi.

Batun Wikipedia ta Turanci, ba fifiko aka yi musu ba. Dokar Amurka tana da wani sassauci da ya halatta a yi amfani da ɗan abu daga aikin wani ba da izininsa ba, don sharhi ko koyarwa ko bayar da labari. A 2007 Gidauniyar Wikimedia, mai riƙe da Wikipedia da Commons, ta yanke cewa kowace Wikipedia na iya rubuta nata ƙaramin tsari na cin gajiyar irin wannan sassauci, in al'ummarta ta yarda. Ta Turanci ta rubuta nata mai sharuɗɗa goma: hoton ya zama ƙarami, a rubuta hujjar sa shi a wannan maƙala takamaimai, kuma ya kasance babu yadda za a samu wani mai 'yanci a madadinsa. Shi ya sa kusan ba sa yarda da irin wannan hoto ga mutumin da ke raye, don ana iya zuwa a ɗauke shi. Waɗannan fastoci ba a Commons suke ba, a ma'ajiyar Wikipedia ta Turanci suke, shi ya sa ba su biyo fassararka ba. Wikipedia ta Sifaniyanci, duk girmanta, ba ta yi irin wannan tsari ba, da Commons kaɗai take aiki. Matuƙar al'umma ba ta zauna ta rubuta nata ta amince da shi ba, Commons ce ƙofa.

Na jarida da na kakanka lissafin shekaru ne, zan bar wa Barista, in ya leƙo.

Na Bakin Kasuwa ya rubuta:

Ni fa wannan abin yana ba ni haushi. Hajiya, tsakani da Allah, wa zai kai Ɗan Fagge kotu a kan hoton kakansa? Mai situdiyon ƙila ya shekara arba'in a ƙasa. Ku je ku duba maƙalun manyan makaɗanmu da malamanmu, nawa ne ke da hoto? Wani ɗan ƙwallon rukuni na uku a Turai yana da hoto goma, mu kuwa mutumin da duk ƙasar Hausa ta san muryarsa an bar shi da akwati fanko. Dokokin nan an yi su ne don ƙasashen da kowane hoto ke da suna da kwanan wata a ma'ajiya. Mu namu a bangon shago suke da bayan mota. In aka ce sai an gano mai ɗauka, to an ce kada mu sa ke nan. Ka ɗora abinka malam, in sun goge sun goge.

Lauyan Unguwa ya rubuta:

Salamu alaikum. Hajiya ta kira ni, ga ni. Na Bakin Kasuwa, ƙorafinka yana kan hanya, shawararka ce ba ta kan hanya. Zan dawo kanka.

Dokar haƙƙin mallaka da ke aiki a Nijeriya yanzu ita ce ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, ke kula da ita. Ga littafi, waƙa da zane, haƙƙi na nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai aikin ya rasu. Hoton kyamara ba haka yake ba, shi shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a, ba ruwan lissafin da ranar mutuwar mai ɗauka. Don haka hoton jaridarka na 1963 ya fita daga haƙƙi a Nijeriya tun ranar farko ta 2014. In kalanda za ka buga da shi a Kano, babu mai cewa uffan.

Amma Commons tana neman hoto ya zama mai 'yanci a wuri biyu: ƙasar da ya fito, da Amurka, inda Gidauniyar take. A nan gizo ke saƙa. Amurka ta yi wata doka da ake kira URAA, wadda ta ce duk aikin ƙasar waje da ke da haƙƙi a ƙasarsa ranar 1 ga Janairun 1996, to ya samu kariya a Amurka, kuma kariyar shekara 95 ce daga bugawa. A wannan rana hoton 1963 yana da haƙƙi a Nijeriya. Ke nan a Amurka sai ƙarshen 2058 zai kuɓuta. A taƙaice, hoton Nijeriya da aka buga kafin 1946 ya tsallake duka biyun. Wanda aka buga bayan nan, ko ya cika hamsin ɗin, yana da saura a can. Masu Commons kansu sun sha tafka muhawara a kan wannan doka, za ka ga wasu hotuna irin wannan suna nan ba a goge ba. Ni dai ba zan ce maka ka ɗora sabo alhali ka san lissafin ba.

Ka kuma lura, rubutun labarin da ke gefen hoton haƙƙinsa daban, ba lissafin hoto yake bi ba.

In Sardauna ko shugabannin wancan zamani kake nema, akwai wata hanya. Duk abin da ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ya ɗauka a bakin aikinsa ba shi da haƙƙin mallaka tun daga ranar farko. Shi ya sa hotunan Abubakar Tafawa Ɓalewa tare da Shugaban Amurka Kennedy a ziyararsa ta Yulin 1961 suke ko'ina. Haka abin da ma'aikatan Muryar Amurka suka ɗauka da kansu. Sai dai a nan mutane ke faɗawa rami: shafin VOA cike yake da hotunan kamfanonin dillancin labarai irin su AP, AFP da Reuters, waɗannan ba su shiga ba, sai ka karanta ɗan rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Na BBC, DW da RFI duk masu haƙƙi ne. Kuma kada a yi ƙiyasi da gwamnatinmu. A Nijeriya aikin gwamnati yana da haƙƙin mallaka, hoton da ofishin gwamna ya sa a Facebook ba na kowa da kowa ba ne don kawai da kuɗin jama'a aka ɗauka.

Tsofaffi sosai kuwa ba su da matsala. Zanen birnin Kano daga kan Dala da ke cikin littafin tafiyar Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, an buga shi tun kafin 1860, masu aikin duk sun mutu a wancan ƙarni. Kuma matsayin Wikimedia shi ne, kwafe tsohon zane ko shafi yadda yake ba ya haifar da sabon haƙƙi, bisa hukuncin wata kotun Amurka na 1999. A kan haka suka yi sa-in-sa da gidan adana hotuna na National Portrait Gallery da ke Landan a 2009, hotunan kuma suna nan har yau. Wannan ya shafi mai son ɗaukar tsofaffin takardun ajami.

Hoton kakanka shi ne mai wuyar sha'ani. A Nijeriya hamsin ta wuce ko ta wace fuska aka lissafa. A Amurka tambayar ita ce, an taɓa buga shi? In miƙa wa mai shi kwafi ya zama bugawa, lissafin jarida ya hau kansa. In kuwa ba a taɓa bugawa ba kuma ba a san mai ɗauka ba, shekara 120 ne daga ɗauka. Kowanne ka bi, jira ne. Mafita ita ce a gano mai situdiyon ko magadansa, domin haƙƙi ana gadonsa kamar gona, kuma magaji na iya sakin hoton da lasisi. A dokar yanzu, biyan kuɗin hoto kaɗai ba ya mayar da haƙƙin ga wanda ya biya, sai da yarjejeniya a rubuce.

Na Bakin Kasuwa, "babu mai kai ƙara" yana cikin hujjojin da Commons ta rubuta ƙarara cewa ba ta karɓa. Dalili kuwa, alƙawari aka yi wa duk wanda zai ɗauki hoto daga can cewa mai 'yanci ne, har mai buga littafin makaranta. In kana son a samu fuskar mamatanmu, abin da ya dace ka kai maganar dandalin tattaunawar al'umma, a duba ko za a rubuta tsarin sassauci irin wanda Hajiya ta ambata, don hotunan waɗanda suka rasu. Dokarmu ma tana da nata sassaucin na bincike, sharhi da koyarwa. Aiki ne mai nauyi, don sai an samu masu bin kowane hoto suna duba hujjarsa, amma ya fi a yi ta ɗorawa ana gogewa.

Baba Mai Hoto ya rubuta:

Ɗana ne ya nuna mini wannan zance, shi ke buga mini abin da nake faɗa. Ni na koyi ɗaukar hoto a Jos a hannun wani Bayarabe, tun ana wanke hoto a ɗaki mai jar fitila, na kuma riƙe situdiyo har idona ya gaza.

Yaro Ɗan Fagge, kafin ka ce ba a san mai ɗauka ba, ka juya hoton. Mu ba ma ba da hoto sai mun buga hatimi a baya, da tawada shuɗiya ko mai ruwan ɗorawa: sunan situdiyo, titi, wani lokaci da akwatin gidan waya. A ƙasa kuma mukan rubuta lamba da fensir, lambar nagetif ce, don in mutum ya dawo yana son ƙari mu zaro daga ambulan. To wannan ma ya nuna maka yadda abin yake tun da: kwafi muke sayarwa, nagetif yana wurinmu. Ba wanda ya taɓa cewa in ba shi nagetif don ya biya kuɗin hoto.

Amma ka bi a hankali wajen buɗe firem ɗin. Hoton da ya shekara da shekaru a jikin gilashi, damina ta bi ta kansa, yakan manne. In ka fizga fuskar za ta tafi da gilashin. Ta baya za ka buɗe, ka tanƙwara ƙananan ƙusoshin, ka ɗaga kwalin kawai, kada ka taɓa hoton. Hatimin za ka gani ba sai ka cire shi ba. In ya dushe, ka haska fitilar waya daga gefe, ba daga sama ba.

Sai dai in gaya maka gaskiya, in kafin 1966 ne a Sabon Gari, da yawan masu situdiyon lokacin mutanen kudu ne, kuma da yawa sun tafi a rikicin wannan shekara ba su dawo ba. Wasu kuwa 'ya'yansu na nan suna wata sana'ar. Ka je wurin tsofaffin masu hoto na unguwar da sunan, mu mun san junanmu, mun san wa ya koya a wurin wa.

Shi kuma mai cewa wa zai kai ƙara, Allah ya shirye ka. Gaskiya ne ba ma kai ƙara, ba mu da kuɗin lauya. Na taɓa ɗaukar wani basarake a kan doki ranar hawan sallah, na durƙusa cikin ƙura har doki ya kusa taka ni. Bayan shekaru na gan shi a kalanda ana sayarwa a tasha, an yanke gefen da sunana yake. Na saya da kuɗina na kawo gida. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Da sun bar sunan, da jikokina sun nuna wa abokansu. Rashin kai ƙara ba yafewa ba ne.

Da ɗana ya yi mini bayanin lasisin nan mai cewa kowa ya ɗauka amma dole ya ambaci sunan mai ɗauka, na ce ai wannan shi nake nema tun da. Ya zaɓo wasu daga cikin nagetif ɗin da gara ba ta ci ba, na kasuwa da na tashar jirgin ƙasa da na 'yan tireda, ya yi musu sikanin ya ɗora, ni kuma aka aika imel da sunana na tabbatar. Ya gaya mini tun farko cewa in an saki ba a janyewa, kuma wani na iya cin kuɗi da su. Na ce a saki. Na bukukuwan mutane da na matan aure ne na hana, waɗannan amana ce, ko da doka ta ce nawa ne.

Ku masu rubutun nan, maimakon ku yi ta kwasar hoto a Facebook, ku nemi irinmu tun muna da rai. Akwatuna na nan a ƙarƙashin gadaje. In mai su ya mutu, 'ya'ya ba su san darajarsu ba, yara ke wasa da fim ɗin suna kallon rana ta ciki.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na bi yadda ka ce. Akwai hatimi, sunan ya ɗan fito, titin ne ya goge, da lamba da fensir kamar yadda ka faɗa. Zan shiga Sabon Gari da shi ranar Asabar. Na jarida na haƙura. Ɗan damben kuma ya ba ni lambar yaron da ya ɗauke shi, mun yi magana, ya ce shi bai ƙi ba in dai sunansa zai fito.

Hajiya, zancen Kanawa na ji, zan rama a wani zaren. Ga wasu biyu. Akwai manhajar da ke gyara tsohon hoto ta sa masa kala ta fito da fuska tas. In na bi da hoton kakana ta ciki, tunda ya canza, bai zama sabon aiki nawa ba? Sannan in na je gidan dambe da wayata na ɗauka da kaina, sai na nemi izinin kowa da ke wurin? Don wata rana 'yan kallo sun fi dubu.

'Yar Tudun Wada ta rubuta:

Bai zama naka ba. Duk abin da aka gina a kan aikin wani, haƙƙin mai asali yana biye da shi, ko kala ka sa, ko ka yanke, ko ka zana shi da hannu kana kallo. Haka in ka ɗauki hoton fasta a bango, ko fuskar talabijin ana nuna wasa. Ban da haka ma, manhajojin nan ƙirƙirar fuska suke yi, su cike inda ya dushe da hasashe. Na ga wanda aka gyara aka share wa dattijo zanen gobirci a kumatu, manhajar ta ɗauka tsagewar takarda ce. Ko an samu izinin magada, asalin za ka ɗora yadda yake, da tabonsa.

Wanda ka ɗauka da hannunka a gidan dambe naka ne, shi ne "aikin kaina" na gaskiya. Taron jama'a ne a fili, ba sai ka bi 'yan kallo ɗaya-ɗaya ba. Amma ka fara gaida masu gidan ka faɗa musu abin da ya kawo ka, don wasu wuraren sun sayar wa masu bidiyo damar ɗauka. Wanda za ka ɗauka shi kaɗai kusa-kusa, ka tambaye shi, ka gaya masa duniya za ta gani. Yara ƙanana da wanda aka sumar yana kwance cikin jini, ni ba na ɗorawa. Lasisin ya shafi haƙƙinka ne na mai ɗauka, bai ba kowa damar ya manna fuskar ɗan dambe a tallar maganin ƙarfi ba.

Ka ɗora kai tsaye daga wayar, kada ka fara tura wa kanka ta WhatsApp, don bayanan kyamarar su ne shaidarka. Shafin ɗorawa zai nuna maka CC BY-SA 4.0, ka zaɓe shi in ka yarda da sharaɗin. Ka ba fayil suna mai ma'ana, irin "Ɗan dambe yana naɗa hannu, Kano", ka rubuta bayani da Hausa, ka sa shi a rukunin Dambe don wasu harsunan su same shi. Kuma kada ka tsaya kan naushi kaɗai. Ka ɗauko naɗin hannu tun daga zaren farko, da masu kalangu, da alƙalin wasa, da mai yi wa ɗan dambe kirari. Ka je da wuri, da la'asar sakaliya, kafin a kunna fitilun janareta, don kyamarar waya ba ta iya kama hannu mai gudu a wannan hasken. Yaron nan mai kyamara kuma ka ja shi jiki, ka nuna masa gasar hotuna ta Wiki Loves Africa da ake yi duk shekara tun 2014, ana ba da kyauta. In ya maƙale wajen buɗe asusu ka turo shi shafina na tattaunawa.